Jar Fitila a Miksa: Yadda Ake Saita GAIN da Karanta Mita

A kusan kowace miksar DJ, abin murɗawa na farko a saman tasha, wato layin da kowace na'urar kiɗa ke shiga, an rubuta masa TRIM ko GAIN. Suna biyu ne, aiki ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauke shi wurin ƙara ƙarfin kiɗa, shi ya sa da zarar fili ya cika an fara liƙi, sai hannu ya nufi can. Ba don haka aka yi shi ba. An yi shi ne don ya daidaita abin da ke shigowa miksa, yadda waƙar da ta zo a raunane da wadda ta zo da ƙarfinta za su tsaya kafaɗa ɗaya kafin a haɗa su. Ƙarfin da jama'a ke ji a fili kuwa, amfilifaya da lasifika ne ke ba da shi. In sun kai iyakarsu, babu abin da za ka murɗa a miksa ya ƙara musu ko wat ɗaya.

Sai an san hanyar da sauti ke bi a cikin miksa kafin mita ta yi wa mutum ma'ana. Daga na'urar kiɗa, CDJ ce (na'urar kunna waƙa ta DJ) ko kwamfuta ko garmaho, sauti yana shiga ta soket ɗin baya, ya ratsa makunnin zaɓen mashiga mai rubutun PHONO da LINE da USB, ya isa GAIN, ya wuce EQ mai hawa uku, wato HI da MID da LOW, masu ƙara ko rage siririn sauti da na tsakiya da bes. A daidai nan mitar tasha, jeren fitilun nan da ke nuna ƙarfin sauti, take ɗaukar awonta. Bayanta sai feda, sandar nan da ake turawa sama da ƙasa, sai kurosfeda da ake ja hagu da dama don sauyawa daga wata tasha zuwa wata, sai mahaɗar da duk tashoshi ke zubowa, sai MASTER da mitarsa, sannan ya fita zuwa amfilifaya.

Abu biyu suka fito daga wannan jerin. Na ɗaya, a yawancin miksoci mitar tasha ba ruwanta da feda: ko ka sauke feda har ƙasa, mitar za ta ci gaba da rawa, domin kafin feda take. Wannan da gangan aka yi, don ka saita waƙa mai zuwa tun jama'a ba su ji ta ba. Na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. Sautin da ya fashe a GAIN ya fashe ke nan. In ka rage feda ko MASTER, fasasshen sauti ka rage wa ƙara, ba gyara shi ka yi ba. Tun ran gini tun ran zane.

Abin da lambobin ke nufi

Lambobin da ke gefen mita desibel ne, ana rubuta shi dB. Ba awo ba ne irin na mudu ko kilo, kwatanci ne tsakanin abu biyu. Lissafi uku sun ishi DJ. Ƙarin 6 dB ninkin bolt ne sau biyu. Ƙarin 3 dB ninkin wat ne sau biyu. Kunne kuwa sai an ƙara wajen 10 dB kafin ya ce ƙara ta ninka, kuma 10 dB ɗin nan wat sau goma take ci. Ka duba abin da hakan ke nufi a aikace: in amfilifayarka mai wat 500 tana bakin iyakarta lokacin da mita ke +3, sai ka tura mitar zuwa +9, to wat 2000 ka nema daga gare ta. Ba ta da shi. Abin da za ta iya ba ka shi ne fashewa da zafi.

Sifilin da ke kan mitar miksa ba rufi ba ne, matsakaicin wurin aiki ne, kuma akwai rata a samansa. Kayan ƙwararru sun ɗauki +4 dBu, wato bolt 1.23, a matsayin ma'aunin aiki, alhali manyan miksoci suna iya fitar da sama da +20 dBu, wato fiye da bolt 7.75, kafin su shaƙe. Wannan ratar an bar ta ne saboda bugun ganga da ke zuwa farat ɗaya da kuma lokacin haɗa waƙa biyu. Ba fili ba ne da aka ba ka ka zauna a ciki. Sifilin manhajar kwamfuta kuwa daban ne. Shi ana rubuta shi 0 dBFS, kuma shi rufi ne na gaske, babu komai a samansa. Wanda ya saba da barin mitar miksa tana taɓa sifili ya je ya yi haka a manhajar naɗar sauti, ya riga ya buga kai da rufi.

Ƙananan kwantirola, wato na'urorin DJ da ake jonawa da kwamfuta, da ke shan wuta ta USB suna da ƙarancin rata, domin bolt 5 kawai suke samu, kuma abin da suke fitarwa ta RCA, soket ɗin nan mai ja da fari, bai cika wuce wajen bolt 2 ba. Jar fitila a kansu ta fi kusa da fashewa fiye da jar fitila a babbar miksa.

Sannan ba kowace mita ce ke awon abu ɗaya ba. Tsohuwar mita mai allura, VU, wadda Bell Labs da gidajen rediyon CBS da NBC na Amurka suka fito da ita a 1939, tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa kafin allurarta ta kai inda za ta. Matsakaicin ƙara take nunawa, kusa da yadda kunne ke ji, amma bugun ganga yakan zo ya wuce kafin ta farga. Jerin fitilun da ke kan miksocin DJ na yanzu galibi tsinin sauti suke bi, wasu ma suna riƙe fitilar da ta fi hawa na ɗan lokaci don ido ya gani. Launi ma ba ɗaya ba ne: inda wani kamfani ya fara ruwan lemo, wani yana nan a kore, Allen & Heath ma har shuɗiyar fitila suke sawa. Ka karanta lamba, kada ka dogara da launi kaɗai. Littafin jagorar miksocin Pioneer dai abin da yake cewa shi ne a saita TRIM yadda fitilar ruwan lemo za ta riƙa kamawa a lokacin da waƙa ta fi ƙarfi, ja kuwa kada ta kama.

Saitawa daga farko

Ka mayar da HI da MID da LOW tsakiya, inda suke ɗan maƙalewa in ana murɗawa. Filta ma haka, a kashe duk wani ado irin su eko. Feda a ƙasa, GAIN a murɗe shi hagu har ƙarshe. Ka tabbata makunnin mashiga yana kan soket ɗin da ka sa waya. Ka danna CUE na tashar, wanda ke kawo maka sautinta a hedifon kai kaɗai, ka sa hedifon.

Yanzu ka kunna waƙa, amma ka tsallaka zuwa inda ta fi ƙarfi, wurin da ganga da bes da murya suka haɗu. Nan ne mutane ke faɗawa rami: sun saita da mabuɗin waƙa mai sanyi, suna tura feda, kiɗa yana faɗowa sai mita ta haye ja. Ka riƙa murɗa GAIN a hankali har fitilu su zauna a kusa da 0, bugun ganga yana leƙa +3 ko makamancin haka yana dawowa. Inda abin murɗawar ya tsaya, ƙarfe goma sha ɗaya ne ko ɗaya in aka kwatanta da hannun agogo, ba shi da wata ma'ana. Mita ce ke magana. Kuma kowace waƙa sai an yi mata nata, daƙiƙa biyar ya isa in hannu ya saba.

Daga nan ka tura feda har sama. A yawancin miksocin DJ ƙarshen feda shi ne wurin da ba ta ƙara ba ta ragewa. Wannan ya bambanta da babban teburin sauti na ɗakin taro, inda wurin yake wajen kashi uku cikin huɗu na tsawon feda, da sauran 10 dB a sama. Wanda ya koyi aiki a kan teburin taro yakan bar fedar DJ a bakwai, sai ya ga sauti ya yi ƙasa, sai ya rama da GAIN har tasha ta yi ja. Da feda ɗaya a sama, ka ɗaga MASTER har mitarsa ta yi daidai da ta tasha. Daga nan ka cire hannu daga kansa. In lasifikar da ke kusa da kai ce ba ta ishe ka ba, BOOTH aka yi domin ta, kuma murɗa shi ba ya taɓa abin da jama'a ke ji, ba ya kuma bayyana a mitar MASTER.

Amfilifaya ce ta ƙarshe, wurin kunnawa da wurin saitawa. A kunna na'urorin kiɗa da miksa tukuna, ita daga baya, in an tashi kashewa a fara da ita, don kada ƙarar "ɗas" ɗin kunnawa ta daki lasifika. Da waƙa mai ƙarfi tana tafiya, mitar MASTER a 0, ka ɗaga abin murɗawar amfilifaya daga ƙasa har ƙara ta ishi filin, ko har fitilar CLIP ta fara ƙiftawa. In ta ƙifta, ka koma baya kaɗan. Abin murɗawar nan ba ya rage wat ɗin amfilifaya, yana rage abin da ke shigarta ne kawai. Ko a rabi yake, in miksa ta turo da yawa za ta kai cikakken ƙarfinta ta kuma shaƙe. In kuwa ka kai iyaka amma bayan fili ba sa ji, matsalar yawan lasifika ce ko inda aka ajiye su. Ɗaga su sama da kawunan mutane yakan yi abin da 6 dB a miksa ba zai yi ba, saboda jikin mutane yana shanye siririn sauti.

Inda ratar ke tafiya

Waƙa biyu masu ƙarfi ɗaya in aka buɗe su tare, jimlarsu takan hau da wajen 3 dB. In an daidaita bugunsu har gangunan suna faɗuwa a lokaci ɗaya, tsinin yana iya hawa har 6 dB. Ke nan tashoshi biyu da kowace ke leƙa +3 suna iya kai MASTER +9 a tsakiyar haɗi. Maganin da ƙwararru ke yi shi ne musayar bes: a shigo da sabuwar waƙa LOW ɗinta a rage, in lokaci ya yi a buɗe nata a rufe na tsohuwar. Bes biyu ba sa zama ɗaki ɗaya, ko ba don mita ba, suna cakuɗewa su zama laka.

EQ ma GAIN ne, sai dai na wani yanki. A miksocin Pioneer irin DJM-900, kowane hawa yana ƙara har +6 dB, yana rage har -26 dB ko ya kashe gaba ɗaya in an sa shi a ISOLATOR. Tunda mafi yawan nauyin kiɗan rawa a bes yake, murɗa LOW har ƙarshe kusan daidai yake da ninka bolt ɗin tashar. Shi ya sa ake saita GAIN da EQ a tsakiya, kuma in an ƙara wani abu a sake duban mita. Ragewa ta fi ƙarawa aminci: in murya ce ba ta fita, rage LOW kaɗan ya fi ƙara MID. Filta mai kaifi da eko su ma suna ɗaga mita ba tare da ka taɓa feda ba.

Akwai kuma wurin da mita da kunne ke saɓa wa juna, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya. Waƙar zamani da aka matse ta a situdiyo, tsininta da matsakaicinta suna kusa da juna, tazarar ba ta da yawa. Tsohon faifai na kalangu ko kotso da aka naɗa da makirufo a fili, bugunsa yana hawa can sama amma jikin waƙar yana ƙasa. In ka sa su duka suna taɓa +3, ta zamani za ta fi ƙara nesa ba kusa ba. Haka waƙar amapiano mai gangar nan mai zurfi: tana cika mita, amma kunne bai cika jin sautin ƙasa da ƙarfin da yake jin na tsakiya ba, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. To ya za a yi? Mita ce ke faɗa maka iyakar da ba za ka wuce ba, hedifon ne ke faɗa maka daidaito. Ka danna CUE na tashoshin biyu ka saurara. In dole ɗaya ta motsa, ka sauko da mai ƙarar, kada ka tura mai sanyin cikin ja.

Wannan ya fi damun DJ a garuruwanmu fiye da wanda ke sayen duk waƙoƙinsa daga kanti ɗaya na intanet. Fayil ɗin da ke hannunsa wani daga shagon masu tura waƙa ya zo, wani ta WhatsApp, wani ta Xender, wani an ciro shi daga bidiyo, wani kuma waƙar ango da amarya ce da aka gama haɗawa daren jiya a ƙaramin situdiyo. Kowanne da ƙarfinsa. Manhajoji suna da abin daidaitawa da kansu: a Serato ana zaɓar lamba tsakanin 89 da 98, ya zo a kan 92, Traktor kuma yana barin ka ware rata daga -3 har -12 dB. Amma sai an bar manhajar ta tantance fayilolin tun a gida. Kuma fayil ɗin da aka riga aka fasa wurin ƙara masa ƙara, babu saitin da zai warkar da shi. In ka ga zanen sautinsa a allo ya zama kamar bulo, sama a shafe ƙasa a shafe, ka nemi wani kwafi. Ka kuma tuna cewa mai aiki da kwamfuta da miksa ta daban GAIN biyu gare shi, na manhaja da na miksa. In na manhaja ya yi ja, koren miksa ba zai cece ka ba.

In mita ta ƙi motsi

Kada ka fara da murɗa komai zuwa ƙarshe, domin in ka dace da inda matsalar take, sautin zai faɗo da dukkan ƙarfinsa. Ka rage MASTER tukuna, sannan ka bi hanyar sauti da hedifon.

In kana ji a CUE amma mita shiru, mai yiwuwa mitar wani wuri take kallo. Ƙananan miksoci masu tasha biyu sau da yawa jeren fitilu biyu kawai gare su, da makunni da ke zaɓar ko su nuna tashoshi ko su nuna hagu da daman MASTER. Wasu sai ka danna CUE suke nuna tashar. A wasu kwantirola kuma zaɓin a cikin saitin manhaja yake. In mitar tana kan MASTER alhali feda tana ƙasa, babu abin da za ta nuna, kuma lafiyarta ƙalau.

In mitar tasha tana rawa amma ta MASTER ba ta yi, abu uku ne: feda, kurosfeda, ko MASTER ɗin kansa. Ka duba ɗan makunnin da ke ƙasan feda mai A da THRU da B. Tashar da aka ba A ba za ta fita ba in kurosfeda tana can gefen B. Wanda ba ya amfani da kurosfeda ya sa duka a THRU ya huta. In mitar MASTER tana rawa amma fili shiru, miksa ta sauke nauyinta, sai a nemi laifin a waya ko amfilifaya.

In babu komai, ba a hedifon ba a mita, makunnin mashiga ne abin zargi na farko, sai wayar da aka sa a soket ɗin wata tasha, sai manhajar da ke tura sauti zuwa lasifikar kwamfuta maimakon miksa, sai EQ da wani ya bari duka uku a kashe. In gefe ɗaya ne ke motsi, ka musanya jan kan RCA da farin a bayan miksa. In mutuwar ta koma ɗaya gefen, waya ce ko na'urar kiɗa. In ta tsaya inda take, tashar ce.

Rikicin PHONO da LINE ya cancanci a tsaya a kansa, don shi kaɗai yana haifar da alamu biyu masu kishiyantar juna. Allurar garmaho irin Technics SL-1200 abin da take fitarwa 'yan milibolt ne, kamar 5 zuwa 10. CDJ kuwa yana kai bolt 2. Saboda haka mashigar PHONO tana ninka abin da ya shigo wajen sau ɗari, wato 40 dB, sannan tana gyara shi bisa tsarin RIAA na 1954, ta ɗaga bes da kusan 20 dB a can ƙasa, ta rage siririn sauti da kusan haka a can sama, domin akasin haka aka yi lokacin yanka faifan. In ka sa garmaho a LINE, za ka murɗe GAIN har ƙarshe mita da ƙyar ta kunna fitila ɗaya, sautin siriri ba bes. In ka sa CDJ ko wayar salula a PHONO, bolt 2 sau ɗari ka nema, wato 200, daga da'irar da ba ta da ko kashi ɗaya cikin goma na hakan: mita za ta cika ja tun GAIN yana ƙasa, sautin kamar tsagaggiyar ganga. Wasu garmaho na zamani, irin Audio-Technica AT-LP120, suna da nasu makunnin PHONO da LINE a baya, dole ya dace da na miksa.

Wayar salula kuma nata daban. Ka ɗaga ƙararta kusa da ƙarshe, ka kashe duk wani ƙarin bes na cikinta, sannan ka saita da GAIN. In ka bar ta a rabi ka rama a miksa, hucin "shuuu" za ka ɗaga tare da waƙar. Ka yi amfani da waya mai ƙaramin kai a gefe ɗaya da RCA biyu a ɗayan. Wayar da ke kai sitiriyo cikin XLR guda ɗaya, kan wayar nan mai ƙafa uku, tana sa a cire dama daga hagu, sai murya da bes, da suke tsakiya, su ɓace, mita ta yi ƙasa, a zauna ana zargin waƙar.

Mita tana iya motsi ba kiɗa ma. Fitilar ƙasa da ke tsaye tare da gunji mai kauri, wutar lantarki ce ta 50 Hz ta shigo. A garmaho, siririyar wayar nan ce ba a ɗaure ta a sukurun GND na miksa ba. A kwamfuta, ka zare caja ka ji: in gunjin ya ɗauke ka gano mai laifi. Doguwar wayar RCA da ta bi gefen wayar wuta ma tana kwaso shi, shi ya sa duk tafiyar da ta wuce 'yan mitoci XLR ake ba ta.

Mita kore, sauti a fashe

A nan ake faɗa tsakanin DJ da mai kayan sauti, kuma sau da yawa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. XLR ɗin miksar DJ yana fitar da bolt ɗaya zuwa sama. Ramin XLR na teburin taro kuwa galibi na makirufo ne, 'yan milibolt yake jira. In aka haɗa su kai tsaye, teburin zai shaƙe tun a bakin ƙofa alhali mitar DJ tana kore shar. Maganin a wurin teburin yake: a danna PAD, mai rage abin da ke shigowa, ko a koma ramin LINE, a kashe wutar 48V a tashar, a saita GAIN ɗinsa yadda 0 na DJ zai zama 0 a can. Lasifika mai amfilifaya a ciki ma tana da makunnin MIC da LINE a baya, a duba shi. Miksocin Pioneer da dama suna da MASTER ATT da ke rage fita da 3 ko 6 dB ba tare da ya canza yadda DJ ke aiki ba. Akwai kuma akasin haka: kayan gida suna aiki a -10 dBV, wato bolt 0.316, kusan 12 dB ƙasa da na ƙwararru, don haka ƙaramar na'ura tana iya kasa cika babbar amfilifaya ko da mitarta ta kai ƙarshe.

Me ja ke yi wa lasifika? Ka ɗauki mai awo da ya tula gero a mudu sannan ya shafe kan da hannu. Haka da'ira ke yi wa igiyar sauti in ta nemi wuce bolt ɗin da ake da shi, tana aske tsinin ya zama shafaffe. Askin nan yana haifar da sababbin sirarran sautuka da babu su a waƙar, waɗanda ke tafiya kai tsaye wurin tuwita, ƙaramar lasifikar sama da ba a yi ta don ɗaukar wat mai yawa ba. Sannan matsakaicin wutar da ke shiga yana hawa, igiyar da aka aske sosai tana iya ɗaukar ninkin wat ɗin lafiyayya mai tsayi ɗaya. Koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika, yana zafi, zafi yana ƙara masa turjiya, ƙara tana ɗan raguwa, DJ yana ji ya sake turawa. A haka ake kaiwa ga ƙaurin nan da kowane mai gyaran lasifika ya sani. Limita, na'urar da ke hana sauti wuce iyaka, tana taimakawa, amma in ana dannanta dare guda tsini kawai take tarewa, zafin yana nan, bugun ganga kuma ya mutu.

Janareta yana ƙara dagula lissafin. In ya yi wa kayan kaɗan, duk bugun bes wuta tana faɗuwa, za ka ga ƙwan fitila yana lumshewa tare da kiɗa. Amfilifaya mai babbar taransifoma tana rasa ƙarfi daidai lokacin, sai ta shaƙe a matakin da ɗazu da rana take lafiya. Saitin da aka yi da wutar NEPA ba lalle ya tsaya ba in an koma janareta, musamman in an jona firiji da fankoki da fitilun ado a kansa. A sake duban fitilar CLIP, a rage daga amfilifaya.

Kunne ma yana gajiya. Bayan awa biyu a gaban lasifika, abin da ke da ƙara ɗazu sai ya zama kamar ya ragu, alhali mita ba ta sauka ba. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka shi ne awa 8 a 85 dB, kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu, har a 100 dB ya rage minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta sa 100 dB, a matsakaicin minti 15, a matsayin iyakar wuraren kiɗa. Dabarar da ke aiki ita ce a riƙa sauke BOOTH har ƙasa tsakanin haɗi da haɗi, kuma a manna ɗan salatif a inda MASTER ya tsaya tun farkon dare, don ido ya kama hannu in ya fara sata.

Makirufon MC shi ne ke rusa saiti mai kyau cikin daƙiƙa ɗaya. A miksoci da yawa ba shi da mitar kansa, a ta MASTER kawai ake ganinsa, saboda haka a saita shi kiɗa a kashe, kuma MC ya yi magana da muryar da zai yi kirari da ita, ba raɗar "gwaji, gwaji" ba. In makirufon marar waya ne, akwatinsa yakan zo da makunnin MIC da LINE ko abin murɗa fita, in aka bar shi a sama aka sa a ramin makirufo zai fashe tun kafin ka taɓa komai. In murya ba ta fita a kan kiɗa, kiɗan ake saukewa, da feda ko da TALKOVER, mai rage kiɗa da kansa in ana magana, don ɗaga makirufo shi ke kawo kuwwar nan mai tsaga kunne. A hana MC rufe kan makirufo da tafin hannu, a hana shi tsayawa gaban lasifika, a kuma rage masa LOW kaɗan.

Mai son naɗar aikinsa ya ɗauka daga REC OUT, wanda a galibin miksoci MASTER ba ya taɓa shi, ya saita na'urar naɗar yadda tsini zai tsaya a wajen -6 dBFS a lokacin da waƙa biyu da makirufo suke buɗe tare. Mai watsawa kai tsaye a Facebook ko TikTok kada ya kai fitar miksa cikin ramin makirufon wayar salula, ramin milibolt yake jira kuma gefe ɗaya yake ɗauka. Ƙaramin akwatin sauti na USB mai mashigar LINE ake sawa a tsakani, a saita shi da tasa mitar, sannan a ɗauki wata wayar a saurari abin da ke fita kafin baƙi su fara shigowa.